Tsaron Gero a Wayar Suruki

Ɗana Abdullahi yana da kwana ashirin da shida a duniya baƙin suka zo. Ranar Litinin ce, bayan azahar. Ina zaune a bakin ɗaki ina shan kunun kanwa, Inna tana tsinke ganyen darbejiya na wankan yamma, sai muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Mota ba ta cika shigowa lungunmu na Rawayya ba, balle da damina da hanya ta zama taɓo. Muka kalli juna.

Haihuwata ta biyu ce, shi ya sa ban tafi gida wanka ba. Inna ce ta taso daga Kekun Waje ta zo ta zauna da ni har a yi arba'in. Sunanta Uwani, amma kowa Inna yake ce mata. Zaman ya yi mata nauyi, domin gidan surukinta ne. Tun da ta zo ba ta taɓa kai loma baki mai gidana yana cikin gida ba. Ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "mutumin nan". In ya yi gyaran murya a zaure sai ta ja mayafi ta juya wa ƙofa baya. Shi ma daga nesa yake durƙusawa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango.

Aka yi sallama, mai gidana ya fita. Laɓe ba halina ba ne, amma na ji muryar mace a cikin baƙin, sai na ajiye kwano na lallaɓa na tsaya bayan zanar da ta tare ƙofar zaure.

"Kai ne Malam Attahiru?" in ji macen.

"Awo, ni ne. Lahiya dai?"

"Lafiya lau. Sunana Luba, ɗaliba ce ni a jami'a a Gusau. Wannan kuma Tajuddeen, mai zanen katun ne a Tudun Wada. Shi ya yi wasan nan na Tsaron Gero da ke cikin wayarka."

Na san wasan sarai.

A kasuwar Bungudu aka tura wa mai gidana shi, wajen masu cajin waya. An ce masa na masu bincike ne, ya rubuta sunansa da garinsu, ya buga sau biyu ya ce shirme ne. Gona ce a fuskar waya, gero ya fitar da kai. Akwai rumfa a tsakiya da ɗan mutum a zaune, an zagaye gonar da igiya an rataya gwangwanaye. Tsuntsayen nan jan-baki sukan taso kamar hayaƙi su sauka, kai kuma ka kore su. Iyakar geron da ka tsirar, iyakar makinka.

Kullum da safe mai gidana yakan bar wayar a kan katanga jikin 'yar sola, don ba abin da zai yi da ita a gona. Ni na fara ɗauka, in zaman jego ya ishe ni. Kwana biyu Inna tana yi mini faɗa. Rana ta uku ta tsaya a kaina tana kallo. Ta huɗu ta ce, "Ke kam in ke anka ba tsaron gona, yunwa za ta kashe gida. Miƙo nan." Ba ta yarda ta riƙe wayar suruki a tafin hannu ba. Da gefen mayafi take tallafe ta, ta sa yatsa ɗaya. Daga ranar, da an gama wankan safe sai ta ce, "Ɗauko mani gonar." Kafin azahar ta goge fuskar wayar tas, ni kuma in mayar yadda ya ajiye.

A zaure Luba tana bayani. Ta ce duk lokacin da aka kunna data, wasan yana aika maki zuwa kwamfutarsu. Mutum fiye da ɗari huɗu ke bugawa a Gusau da Tsafe da Bungudu, amma ba wanda ya kamo shi.

"Mai bin ka wani saurayi ne a gidan wasan gem a Tsafe," in ji Tajuddeen. "A can yake wuni, amma ko rabin makinka bai kai ba. Wallahi tun daga Gusau nake ɗokin ganin hannunka."

Maƙwabcinmu Mamman, wanda tsayuwar mota ta jawo, ya ce, "Kai Attahiru! Ashe haka kake ba mu sani ba?"

Mai gidana ya yi 'yar dariya. "To, mukan ɗan taɓa."

"Buga mana mu gani," in ji Tajuddeen.

Wasan yana da wata ƙara da yake yi in tsuntsaye sun cinye gona, kamar an taka ƙwarya. Ba a jima ba na ji ta. Aka sake, na sake jin ta. A karo na uku Mamman har da tafi.

"Yau kam jan-baki sun yi sallah! Attahiru, ko dai kiwonsu kake?"

"Idon mutane ne. Ni in ana kallona ba ni iya komi."

Luba ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, da yaushe kake fita gona?"

"Da gari ya waye. Sai azahar."

"Kullum?"

"Ban da Juma'a."

Sai ta ce, "Na ji an ce an yi maka ƙaruwa. A ba ni izini in shiga in yi barka."

Da ƙyar na kai bakin ɗaki na zauna kafin ta shigo. Doguwa ce, da hijabi ruwan toka, da jaka a baya irin ta 'yan makaranta, takalminta duk taɓo. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Inna, ta yi mini barka, ta karɓi Abdullahi tana cewa kumatunsa sun fi nata. Na kawo mata ruwa. Ina ta satar kallon jakar, ina son in san abin da masu irin wannan karatu ke ɗauka. Ban saba fara yi wa baƙo magana ba, amma tambayar ta ƙi zama a cikina.

"Wai da gaske wasa kuke karantawa a jami'a?"

Ta yi dariya. "Haka babata ma take tambaya. Ba bugawa muke koyo ba. So nake in san wa ke bugawa, a ina, a wayar wa, me yake samu a ciki. Da su waye ke zana irin waɗannan abubuwa a garuruwanmu, da wane kayan aiki. Tajuddeen da tsohuwar kwamfuta ɗaya ya yi gonar nan, in wuta ta ɗauke sai ya jira. Ana binciken noma, ana binciken kasuwa. Abin da mutum ke yi in ya ajiye fartanya shi ma abin sani ne."

"Ikon Allah," in ji Inna, ba ta ɗago daga ganyenta ba.

Daga nan Luba ta faɗi abin da ya dame ta. Littafin bincikenta yana da babi guda a kan mata. Shekara ɗaya ta yi a kansa. Ta tabbata mata suna bugawa, amma malamin da ke duba aikinta ya ce tabbacinta ba hujja ba ne, sai ta kawo macen da ta faɗa da bakinta.

"A Tsafe na shiga gida tara," ta ce. "Da na yi tambaya sai su tuntsire da dariya su shige ɗaki. A Gusau na samu wata yatsanta yana kan wasan, ta ce mini riƙe wa yayanta take yi. Ranar Alhamis zan zauna da malam. In na je hannu biyu, zai cire babin."

"Allah shi ba da sa'a," in ji Inna. "Mu nan ba mu san wasa ba."

"Amin, Inna. Sai dai makin wayar gidan nan duk tsakanin hantsi da azahar ake samunsa. Ranar Juma'a kuma ba a bugawa. Kuma kwana ashirin ke nan da ya fara hawa."

Ni ta kalla da ta faɗi haka. Na sunkuyar da kai. Na ga gara in ɗauka a kaina, sai na ce, "Ni ce nakan ɗan ɗauka."

Ta ciro wayarta ta buɗe gonar ta miƙo mini. Na fara. Tsuntsaye suka taso ta gabas, na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ina korar wannan wancan yana sauka. Ta bayana ina jin yadda Inna ke tsinkar ganye da ƙarfi, kamar shi ya yi mata laifi. Gefen gonar ya fara yin fari. Wani garken ya taso ta arewa.

"Ke! Bar su su zauna!"

Na ɗauke yatsa.

"Tsaya. Tsaya dai. Yanzu! Ja igiya!"

Na ja. Gwangwanaye suka yi ƙara, garken duka ya watse. Na waiwaya. Inna tana tsaye a kaina da reshen darbejiya a hannu.

"Yo ai gaskiya ce," ta ce, kamar wani ya musa mata. "Tsuntsu ba a korar shi yana sama. In kinka kore shi yana sama, zagayawa za ya yi ya sauka bayanki. Sai na gaba sun ɗora ƙafa, na baya suna tahe, ki girgiza igiya sau ɗaya. Na gaban su tashi su ci karo da na baya, kowa ya kama gabanshi."

Idon Luba ya yi haske. "Kakan Tajuddeen ne ya ba shi labarin igiyar nan, shi ya sa ya saka ta. Samari duk sun ɗauka ado ce, tsuntsun suke bi da yatsa kamar wasan harbi. A waya ɗaya tak muka ga ana jan ta."

"Kunka gani? Daga ina kunka gani?"

"Daga Gusau, Inna. Komai yana zuwa, da sunan mai wayar a sama." Ta nuna jerin sunaye a wayarta, ta karanta na farko da ƙarfi.

Inna ba ta karatun boko, ba ta taɓa sanin abin da rubutun saman gonar ke cewa ba. Ta zauna a kan turmi a hankali. Ta juyo gare ni.

"Hussaina, ke kin sani?"

"Na san sunan, Inna. Ban san yana zuwa Gusau ba."

"Innalillahi. Ni Uwani, da girmana, ina wasa da sunan mutumin nan har birni."

Luba ta buɗe jakar, a lokacin na ga abin da ke ciki: littafi, da takardu a leda, da 'yar rikoda baƙa da ba ta fi ɗan yatsa biyu ba, da ƙullin gyaɗa. Ta ciro rikodar, ta ce in Inna ta yarda za su yi hira kaɗan. Za a canza mata suna, ba za a faɗi gari ba, muryar kuma daga ita sai malaminta.

"A'a. In ya ji fa? Da wane ido za ni kalle shi?"

"Inna, ai dama ba ki kallon shi," na ce.

Ta jefo mini reshen darbejiya. Luba ta danne dariya, ta sake roƙo sau ɗaya. Inna ta girgiza kai. Ban zaci Luba za ta haƙura da wuri ba, amma sai ta mayar da rikodar cikin jaka ta ja zif.

"Shi ke nan, Inna. Abin da na ji yanzu ma ba zan rubuta ba, tunda ba ki yarda ba. Haka dokar aikinmu take. Bari mu kama hanya, direba ba ya son yamma ta yi mana a hanyar nan."

Ta miƙo mini Abdullahi, ta saɓa jaka. Na ji tausayinta, shekara guda ba kwana ɗaya ba ce. Har ta kai wajen randa Inna ta yi magana, ba ta kalle ta ba.

"In an cire, mi za a rubuta?"

"Za a rubuta cewa maza ne ke bugawa, kuma gwaninsu yana wani gari a Bungudu."

"Wanda munka ji gero ya ƙare mai har sau uku?"

"Shi."

Inna ta dubi randar. "Shekara bakwai ina bisa rumfa tun ban kai wagga randa tsawo ba," ta ce. Ta gyara mayafi. "In dai mutumin nan yana cikin gidan nan, bakina ba ya buɗewa."

Luba ba ta jira ta ƙara ji ba. Ta je bakin zana ta ɗaga murya. "Tajuddeen! Roƙi Malam ya kai ka gona ka ga jan-baki na gaske. Naka da kaji suka yi kama."

Muka ji Mamman yana cewa ai shi ma ya lura, ƙafafunsu kamar na zakara. Suka fita su uku suna gardama, muryoyinsu suka yi nisa.

"Kuma ni ba da ke za ni yi magana ba," in ji Inna. "Hussaina, miƙo mani angona. Da shi za ni yi hira. In abin naki yana da kunne, ba ruwana."

Haka take kiran Abdullahi tun ranar suna, wai ta samu sabon miji. Ta kwantar da shi a cinya. Luba ta ciro rikoda da takarda, ta karanta mata abin da ke ciki kalma kalma, ta ce sai Inna ta faɗi cewa ta yarda.

"Ango, gaya wa baƙuwa na yarda."

"Inna, ango bai fara magana ba."

"To na yarda, na yarda! Kai, 'yan boko da dogon zance."

Luba ta shafa mata tawadar biro a babban yatsa ta dangwala. 'Yar jar fitila ta kama a jikin rikodar.

Ban taɓa jin Inna ta yi magana mai tsawo haka ba. Ta gaya wa Abdullahi yadda ake hawa rumfa tun raɓa ba ta bushe ba, da ɗan tulun ruwa da dafaffen wake a ƙwarya. Yadda maƙogwaro ke bushewa da ihu, har ta gane igiya ta fi baki aiki. Ta ce wanda ya zana gonar ya yi ƙoƙari amma bai taɓa wuni a gona ba, don tsuntsayensa da rana tsaka suke zuwa, na Allah kuwa safe da yamma ne, da rana suna inuwa. Ya manta majajjawa. Geronsa kuma duk tsawo ɗaya ne, kamar an yi masa aski.

Luba ta gane hanyar. Ta sunkuya ta ce, "Ango, tambayar mini amaryarka, me take ji in tana bugawa?"

Inna ta shafa kan yaron. "Ce mata a nan in gero ya ƙare, sai a danna ya sake tsirowa. Can kuwa in ya ƙare ya ƙare, sai baɗi. Akwai shekarar da barci ya ɗauke ni bisa rumfa. Ban manta fuskar babanmu ba da ya zo. Bai buge ni ba, bai ce komi ba. To a nan ina rama wa."

Wannan labarin ni ma ban taɓa ji ba.

"Ango, ita kaɗai ke bugawa a cikin mata?"

"Ita kaɗai? Ce mata ta leƙa bayan katangar nan. Ladidi matar Mamman, wanda ke ta dariya a zaure, da ya fita take ɗaukar tashi wayar tana jera 'ya'yan itace. Can garinmu kuwa Balkisu mai ƙosai tseren mota take yi kafin mai ya yi zafi."

"Inna! Tona ni za ki yi?" Muryar Ladidi ce ta saman katanga. Ashe tun ɗazu tana tsaye a kan bokiti.

"Sauko ki zagayo, munahuka. Ai kin ji komi."

Ladidi ta zagayo tana gyara ɗaurin zane, ta ce in dai Inna ta yi, ita me zai hana ta. Ita ba ta nemi ango ba, kai tsaye ta yi magana, har sai da Luba ta ce ta rage gudu. Ta ce sunan da za a canza mata ya zama mai daɗi, ba ta son na tsofaffi. Daga ƙarshe aka juyo kaina. Muryata ta yi ƙasa sosai, sai da aka matso da rikodar kusa da bakina, amma na faɗi nawa.

Ana kiran la'asar mazan suka dawo. Kafin su iso zaure Inna ta riga ta wanke tawadar yatsanta da toka, ta koma kan ganyenta. Luba ta yi mana sallama, motar ta tashi da ƙyar daga cikin taɓo. Mai gidana bai tambaye ni abin da aka yi a cikin gida ba, ni ma ban faɗa ba.

Talata da Laraba Inna ba ta ce a ɗauko gona ba. Amma sau biyu tana tambayata yau wace rana ce.

Ranar Alhamis bayan la'asar muka ji gyaran murya a zaure. Inna ta ja mayafi ta juya baya. Mai gidana ya tsaya a bakin zana ya miƙo waya, fuskarsa tana kallon waje.

"Hussaina, baƙuwarku ce. Ta ce ke take so."

Na karɓa. Bai tsaya a zaure ba, na ji takunsa har ya fita ƙofar gida.

Luba tana magana da sauri, ga hayaniyar babura ta bayanta. Ta ce an bar babin. Malam ya saurari hirar Inna har sau biyu, ya ce mata uku sun yi kaɗan, ta koma ta nemo wasu, amma ba za a cire ba. Ta ce in tambayi Inna ko za ta karɓe ta a Kekun Waje bayan arba'in, ta haɗa ta da Balkisu mai ƙosai.

Na kashe wayar na faɗa wa Inna duka. Ta saurara tana jijjiga Abdullahi a kafaɗa.

"Ta zo. Amma ta zo da safe, kafin Balkisu ta ɗora kasko." Ta ɗago ta kalle ni. "Malamin nan nata, namiji ne?"

"Namiji ne, Inna."

"Kuma ya ji muryata?"

"Har sau biyu."

Ta taɓe baki, ta mayar da yaron ɗaya kafaɗar.

"To ya ji mana. Shi ai ba ɗiyata yake aure ba."